Na Zana Zuciya a Fili, Yara Sun Mai da Ita Tsohon Garinmu

Gwaggo Halimatu, ki taimake ni don Allah, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana bai yi mini dariya ba.

Ni malamin aji bakwai ne a sabon garin da aka gina mana kusa da Wara, bayan ruwan madatsar Kainji ya ci tsibirinmu, Gungun Mati. Bana aka ba ni darasin kiwon lafiya, muka zo kan yadda jini ke zagaya jiki. Na yi bayani har muryata ta dushe. 'Ya'yan masunta ne, sun san ruwan da ya gangara Jebba ba ya dawowa, don haka da na ce jini yana fita daga zuciya ya komo, sai suka yi ta kallona da tausayi.

Shi ne na fitar da su fili don bita. Na zana zuciya da toka, ɗakunanta huɗu, huhu biyu a gefe, hanyoyi har ƙarshen fili. Kowane yaro jirgi ne. Ya ɗauko gawayi daga jiki, ya ratsa zuciya zuwa huhu, ya ajiye gawayin ya ɗauki jan tsingaro, ya komo zuciya, ta tura shi jiki. A kowace ƙofa akwai mai tsaro da tambaya, wanda ya kasa ya koma baya. Gwaggo, har mai barcin ajin ya farka.

To ashe tsibirinmu ma unguwa huɗu gare shi da kwata biyu inda jirage ke tsayawa. Ban san wanda ya fara ba, sai na ji suna kiran ɗakunan Unguwar Maƙera, Unguwar Sarki, Kanti da Bakin Rimi, huhu kuma Kwatar Maza da Kwatar Mata. Abin ya yi mini daɗi, na bar su.

Makon jiya na yi musu gwaji. Kulu, wadda ta fi kowa kai, mai son zama nas, ta rubuta cewa jini yana tashi daga Unguwar Maƙera ya sauke gawayi a Kwatar Mata. Hanyar daidai, ba kuskure ko ɗaya, amma wa zai ba ta maki a Yelwa, inda ake duba takardun jarrabawa? Hedimastanmu, Malam Modibbo, wanda shi ya koya mini abacada, ya karanta ya yi dariya har da hawaye. Sannan ya ce in share filin, jarrabawar fita ta kusa.

Ga inda abin ya tsaya mini. Innata, tun da muka taso ba ta leƙa ko ƙofar gida ba. Ta ce ɗakin siminti zafi, garin kuma ba ta san gabansa da bayansa ba. Da ta ji jikokinta suna kiran sunayen nan, sai ga ta a filin da kujerarta. Yanzu duk Alhamis tana zaune a Bakin Rimi, daidai inda ɗakinta yake a da, tana yi wa yara faɗa in sun yanke ta cikin gidan mutane. Ƙawayenta sun biyo ta. Ta koma cin abinci sosai. Rannan ta tambaye ni ko da gaske jinin yana komawa inda ya fito, na ce da gaske ne. Sai ta juya ta ci gaba da kallon yaran.

In na share, na share wa Inna gari karo na biyu. In na bari, na tare wa Kulu da 'yan ajinta hanya. Ina son su duka. Yaya zan yi?

Naki,
Ɗan Gungu

*

Ɗana Ɗan Gungu,

Ni ma na yi dariya, kada ka ji haushi, amma daga baya sai da na cire tabarau na goge.

Malam Modibbo yana da gaskiya. Mai duba takarda bai taɓa taka Gungun Mati ba, kuma ba zai nemi taswira don Kulu ba. Kai ma kana da taka gaskiyar, domin yaran da suka ƙi yarda jini yana dawowa yanzu sun san hanyarsa da ƙafafunsu. Mai wuyar ka gama shi, sunaye kawai suka rage. Laifinka ɗaya ne, daɗin jin sunan gida ya sa ka manta kai ne malami.

Filin makaranta, bi umarnin hedimasta, amma ka roƙe shi ka sake zanawa. Wannan karon juya zanen ya kalli wani gefe, ka kafa allo a kowane ɗaki da sunansa na littafi. Mai tsaron ƙofa kada ya buɗe wa kowa sai ya faɗi wannan sunan, ya kuma ce gawayi iskar da jiki ya gama da ita ce, tsingaro sabuwa. In sun iya, cire allunan. A ƙarshen kowane wasa kowa ya zana zuciya a takarda ya rubuta sunayen, don a zaune za su yi jarrabawa, ba a guje ba. Sa Kulu ta riƙe ƙofar farko, za ka ga yadda za ta kama.

Shi kuwa garin, ba na makaranta ba ne, na su Inna ne. Kafin tsintsiya ta taɓa filin, je ka gaya mata da bakinka, kada ta zo Alhamis ta tarar da ƙasa a share. Ka ce mata kai ka yi kurakurai a zanenka, kana so ta gyara. Tara yaran da yamma a ƙofar gidanku, ba ta sanda da toka, ita ta zana. Ta fi ka sanin inda rijiya take da inda aka binne kakanninka. A jera duwatsu kan layin don damina.

Tambayarta kuma, kada ka yi mata ƙarya, tsibirin ba zai fito ba, ita ma ta sani. Abin da take so ta ji shi ne ba za a manta ba, kuma waɗanda kake shirin turawa Yelwa da Sakkwato za su komo. Wannan kana iya yi mata alkawarin ƙoƙarinsa.

Allah ya ba yaranka sa'a, ya ƙara wa Inna lafiya, ya kai ta ranar da Kulu za ta dawo da farar riga ta same ta a Bakin Rimi, ta durƙusa ta saurari bugun zuciyarta.

Taka,
Gwaggo Halimatu