Ku Ba Ni Abin da Aka Rubuta a Fayil ɗin Kulu

Zuwa ga Babban Likitan asibitin da matata ta cika a cikinsa.

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali da ma'aikatanka suna lafiya. Ban ambaci sunan asibitin ba, don ba tozarci ya kawo ni ba. Za ka gane kanka, tunda takardata na ofishinka tun kafin azumi ba a amsa ta ba.

Sunana Umaru, fataucin albasa nake yi a Aliero. Matata Hauwa'u, wadda kowa ke kira Kulu, ta rasu a wurinku shekara biyar da suka wuce, da cikin wata takwas. Ta je Karaye ne bikin ƙanwarta. Can ciwon kai ya kama ta, ƙafafunta suka kumbura, ta faɗi a tsakar gida. Ni kuwa ina bisa babbar mota, na bi lodin albasa zuwa Kudu. Kwana biyu ta yi a gadonku. Na iso Karaye na tarar da maza suna dawowa daga maƙabarta.

Wanta da ya kawo ta bai shiga ɗakin mata ba, a ƙarƙashin darbejiya ya yi zaman jinyarsa. Surukata ce ta zauna da ita, kuma duk sa'adda na buɗe baki zan tambaye ta sai ta fashe da kuka, sai in bar maganar. Shekara na zagayowa ita ma ta bi ɗiyarta. Shi ke nan, babu wanda ya rage da ya san kwanakin nan biyu, sai takardarku.

Ga abin da nake son ka sani.

Na ɗaya. Ɗiyarmu ta fari, Zainabu, tana aure a Alelu, cikinta na fari ya shiga wata bakwai. Ƙafafunta sun soma hawa. Da ta je awo, malamar asibiti ta tambaye ta abin da ya yi ajalin mahaifiyarta, ko marigayiyar tana da hawan jini, ko akwai maganin da jikinta bai karɓa ba. Zainabu ta kira ni ina tsakiyar kasuwa, ta ce, "Baba, wai mi ya kashe Inna?" Ranka ya daɗe, shekara goma sha tara na zauna da matar nan. Na san irin tarinta ko daga zaure nake. Amma da waya a kunne na ce wa ɗiyata ban sani ba.

Na biyu. Sau uku ina zuwa. Zuwan farko aka ce sai da katinta na asibiti. Na koma gida na buɗe akwatin da ban taɓa ba tun rasuwarta, na same shi naɗe cikin kallabinta. Zuwa na biyu, matar da ke ɗakin ajiye fayil, wata baiwar Allah 'yar ƙasar Zuru, ta bar abincinta ta shiga nema har ta fito da shi, duk ta yi ƙura. Na ga sunan Kulu a bangon. Fayil ɗin ya fi yadda na zata kauri. Ta ce in yi haƙuri, kayan asibiti ne, ba ta da ikon buɗe mini sai da sa hannunka. Ta dai bar ni na dafa shi, sannan ta mayar. Ban ga laifinta ba, Allah ya saka mata. Zuwa na uku na kawo takarda a rubuce, aka ce kana taro, in dakaci kira. Har yau wayata ba ta yi ƙara ba.

Na uku. Na ji ana cewa asibiti na tsoron a kai shi kotu. To ni ban zo neman mai laifi ba. Na yarda kwananta ne ya ƙare, da a hannuna take ma da ta tafi. Amma jininta ne aka auna, jikinta ne aka rubuta. Idan ba a nuna wa mijinta da ɗiyarta ba, wa ake ajiye wa?

Na huɗu. Mijin Zainabu ya sa mana wata manhaja a waya, wadda iyali ke tara bayanan lafiyarsu wuri ɗaya. Duk takardar gwajin da aka ba Zainabu sai ya ɗauki hotonta ya sa, da sunan magani, da ranar komawa awo. Ina Aliero ina ganin abin da aka auna mata a asibitin Jega inda take awo. Ya buɗe wa kowa shafinsa, har ni da ciwon gwiwata. Zainabu ta ce a buɗe wa Innarta, tunda ana tambaya. Aka buɗe. Suna ne kawai a ciki, ƙasansa fari fat. Nakan buɗe shafin nan in ina jiran a gama lodi, in yi ta kallo, ban san abin da nake tsammanin gani ba. Da irin wannan na hannuna a wancan lokaci, ko ina Kudu da na san jikin ya yi tsanani, da na sauka a hanya na juyo.

Saboda haka ina roƙo.

A ba ni kwafin fayil ɗin Kulu, ko a bar mijin Zainabu ya ɗauki hotonsa a gabanku. In akwai takardar da zan kawo daga mai unguwa ko alƙali don a tabbatar ni ne mijinta, a faɗa mini, gobe zan kawo. In duk wannan ba zai yiwu ba, likita ya rubuta abin da ya same ta a takarda ɗaya, mu kai wa masu awon Zainabu kafin watanta ya kama. Wannan shi ne na gaggawa.

A kuma mayar da shi ƙa'ida, duk wanda aka sallama, ko aka ba danginsa gawa, a haɗa su da bayanin abin da aka gani da abin da aka yi, a karanta musu da Hausa. Mutanenmu ba sa tambaya a ranar, kunya da kuka ba sa bari. Daga baya tambayar ke zuwa.

Roƙona na ƙarshe ba na doka ba ne. An ce malaman jinya na sa hannu a fayil duk sa'adda suka duba mara lafiya. Idan wadda ta tsaya a kan Kulu ranar ƙarshe tana nan wurinku, a haɗa ni da ita ko na minti biyar ne. Ba zan tsare ta da tambayar magani ba. So nake in ji ko ta farfaɗo, ko ta sha ruwa, ko ta tambayi inda nake.

Allah ya taya ka riƙon amanar da ke wuyanka, ya sa albarka a hannun likitocinka, ya sauki matanmu lafiya. Allah ya jiƙan Kulu da abin da ke cikinta, ya jiƙan naka da suka rigaya.

Wassalam.

Naka,
Umaru mijin Kulu, Aliero.