Rabonki na Sabuwar Dawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Hajiya Hauwa'u ta unguwar Shamaki. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, makwancinki da haske da yalwa. Mu nan lafiya lau, sai kewarki da ba ta tsufa.

Inna, na san halinki, ba kya son maganar gida ta tsallake zaure. Ga shi yau na ɗauko wadda kika fi ɓoyewa na shimfiɗa inda jama'a za su karanta. Kafin ki ɓata rai, ki bari in gaya miki yadda aka yi.

Jikarki kuma takwararki Ummi ta girma, har ta fitar da miji. Yaron kirki ne, malamin asibiti. A ƙarshen damina yayar mahaifinsa, Hajiya Dije, ta zo gidana a Federal Low-Cost, wai gaisuwa. Kin san irin gaisuwar. Ta sha zoɓo, ta yaba labule, sannan ta gyara zama ta ce, "Ita Hajiya marigayiya, kakar yarinyar, mutanen ina ne su?" Na ce mutanen Gombe. Ta yi murmushi ta ce, "Malama Hajara, Gombe ai kowa zuwa ya yi. Daga ina aka zo?"

Ni da nake tsayawa gaban aji ina koya wa 'ya'yan mutane tarihi, aka tambaye ni garin uwata na rasa amsa. Na ce zan tambayo manya. Ta ce babu gaggawa, amma ba za a sa rana ba sai an ji.

Ɓangaren Baba bai ba ni wahala ba. Ko ba a tambaye su ba danginsa za su jero maka kakanni, wane ya haifi wane, har a dangana da Katsina, a haɗa da wanda ya yi fataucin goro da wanda jaki ya kayar. Naki ɓangaren kuwa daga ke sai Hajiya Babba, wadda muka tashi muna kira kaka, daga nan sai bango. Na je makarantar allon da kika yi, malamin da ya san ki ya rasu. Na bi tsofaffin layinmu ɗaya bayan ɗaya, kowace sai ta yabi halinki, ta yi miki addu'a, ta ɗauko zancen tsadar gawayi.

Da na gaji na hau keke zuwa unguwar Malam Inna wurin Goggo Asabe, 'yar Hajiya Babba, wadda duk rayuwata na ɗauka cikinku ɗaya. Ta daɗe tana jan carbi kafin ta ce, "Hauwa riƙo ce. Daga kudu Babanmu ya zo da ita, lokacin yana kai tufafi kasuwannin can. Amma kwanonmu ɗaya, tabarmarmu ɗaya, kuma wanda duk ya ce ba 'yar'uwata ba ce Allah Ya isa." Sunan garin ba ta sani ba. Ta ce tana ƙarama, kuma ba a tambaya a gidan.

A hanyar dawowa, muna tsaye a cunkoson kasuwa, ban san abin da ya kawo min Baba a rai ba. Kin fi kowa sanin mijinki. Mutumin da ko a ranar Sallah dariyarsa sai an yi sa'a, wanda matan maƙwabta ke jin gyaran muryarsa su ja mayafi. Amma akwai mace ɗaya da in ta yi sallama yakan ajiye littafinsa ya ce, "A'a, amaryata ta ƙauye ta iso! Bana me aka kawo wa miji?" Ita kuma ta ce, "Tsoho, wa zai aure ka? Haƙoranka nawa suka rage?" Ya yi ta dariya har da tari.

Mai dargaza, Inna. Haka muke kiranta, ba mu san mata wani suna ba. Matar nan da ke zuwa sau ɗaya a shekara bayan an yanke dawa, da ɗankwali ɗaure a baya, da ƙullin sabuwar dawa da riɗi da ɗaurin ɓawon dargaza.

Ina cikin keken na tambayi kaina. Wace mace ce namiji irin Baba zai yi wa wannan wasa a gaban matarsa, matar kuma tana murmushi tana shimfiɗa tabarma? Ba jikarsa ba ce, ba taubashiyarsa ba ce. Ko yaron goye a ƙasar Hausa ya san saura ɗaya: ƙanwar mata. A gabanmu aka yi ta yi shekara da shekaru, mu muna can muna toshe hanci wai ba ma son miyar yauƙi.

Daga nan abubuwa suka riƙa dawo min. Yadda kike shigar da ita ƙuryar ɗaki, inda ko ƙawayenki ba sa shiga. Yadda muke jiyo ku ƙasa-ƙasa kuna wani yare, Yaya Sani ya ce mana ai yaren ciniki ne, kin koya don kada a cuce ki. Yadda kike ajiye mata turmin atamfa tun kafin ta zo, mu ɗauka sadaka ce. Da yadda ke, da ba kya raka kowa ya wuce zaure, kike saka mayafi ki kai ta har bakin titi, ki tsaya sai motar ta ɓace. Ranar kuma ba kya cin abincin kowa sai tuwon dawar nan da miyar dargaza, ke kaɗai a ɗaki, a hankali.

Na wuce Shamaki kai tsaye, tsohon gidanmu, inda Yaya Sani yake da iyalinsa yanzu. Na tambayi matarsa Jummai ko ta san wata mai dargaza. Ta ce, "Tsohuwar nan? Ai duk shekara sai ta zo. Ta ajiye kayanta, ta zauna jim a ƙofar ɗakin Inna, ta sha ruwa ta tafi. Dawar kaji nake ba wa. Itacen kuwa ban san me ake yi da shi ba, yana nan a sito." Ta buɗe min. Ga su nan a jingine, ɗauri bisa ɗauri, tun na shekarar da kika rasu. Ban ga laifin Jummai ba, ba wanda ya gaya mata. Na dai zauna a kan buhu na yi kukana.

Yaya Sani bai ji daɗin binciken ba. Ya ce, "Hajara, ki ce musu Katsinawa ne a wuce wurin. Abin da Inna ta rufe da hannunta, ke ce za ki buɗe? In suka fasa fa?" Tsoron da yake ji ni ma shi nake ji. Ummi kuwa cewa ta yi, "Mama, ki faɗa musu kawai. In ba su so, shi ke nan, no wahala." Ta faɗa da ƙarfin hali irin naki, amma kwanon abincinta ranar haka ya koma kicin.

Na roƙi Jummai duk ranar da tsohuwar ta zo ta kira ni. Muka jira kaka.

Wata Talata da hantsi wayar ta shigo. Na bar aji a hannun abokiyar aikina na tafi. Na same ta zaune a ƙofar ɗakinki, ta miƙe ƙafa ɗaya tana murza gwiwa da tafin hannu. Inna, zamanki ne sak. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Mama, ni ce Hajara." Ta ce, "Na sani. Ke ce mai kuka in an yi miki kitso." Ta yi dariya ta rufe baki da bayan hannu, yadda kike yi.

Sunanta Rifkatu. Uwarku ɗaya ubanku ɗaya. Garinku yana bayan Kaltungo, a gindin dutse. Ta ce mahaifiyarku ta rasu kuna ƙanana, ita tana goye. Mahaifinku amininsa ne Bahaushen nan mai tufafi, a gidanku yake sauka duk ranar kasuwa, shi ya sa ya ba shi ke amana. Ta faɗa min sunan kakana da na kakata, da sunan da aka raɗa miki kafin Hauwa'u. Wannan na ƙarshe ba zan rubuta shi a nan ba. Naki ne, na adana.

Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa gaya mana ba. Ta ce, "Yayata ta ce kada a yi wa yaranta gori. Na ce to." Iyakar abin da ta ce ke nan, babu ƙorafi a ciki.

Sai na ce, to ita dawar fa, tunda kin rasu? Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. Ta ce ranar da aka tafi da ke, mahaifinku ya kafa doka: ba mai ɗora tukunyar sabuwar dawa a gidan sai an kai wa ta Gombe rabonta ta ci. Shi ya fara kawowa da ƙafarsa. Da ya tsufa wanku ya karɓa, da ya rasu ita ta ɗauka. Na ce, "Amma Mama, ai ta rasu." Ta ce, "Ba ta bar 'ya'ya ba?"

Inna, ina can ina bin layi-layi ina neman inda muka fito, ashe akwai gidan da duk shekara ake riƙe yunwar sabon tuwo saboda mu. Mu ba mu san da su ba, su kuwa ba su taɓa cire mu daga lissafi ba.

Na hana ta komawa ranar. Na tafi da ita gidana, na aika wa Hajiya Dije cewa na samo amsa, ta zo cin abincin rana washegari. Mama Rifkatu ta koya min yadda ake jiƙa ɓawon a murza har ruwan ya yi yauƙi, da yadda ake zuba riɗin. Ta ce hannuna ya yi nauyi a gishiri, na ce gado na yi. Ummi tana gefe tana tuƙa tuwo.

Da Hajiya Dije ta zauna na ce, "Hajiya, kin tambayi mutanen ina ne. Ga ƙanwar Innata, uwa ɗaya uba ɗaya. Tangale ne, daga bayan Kaltungo. Ita Kirista ce, Innata a Musulunci ta tashi, a cikinsa ta koma. Asalinmu ke nan."

Hajiya Dije ta sauko daga kujera ta gaishe ta sosai. Sannan ta juyo ta ce, "Malama, wannan ai tun makon farko tsofaffin Shamaki suka gaya mana. Ba shi ya tsayar da mu ba. Cewa aka yi 'ya'yan ba sa zumunci da dangin uwarsu, tsohuwa na zuwa tana zama a ƙofar ɗaki ba mai ce mata shigo. Shi ne muka ce, gidan da ake yar da dangi, anya mu kai ɗanmu?" Ta wanke hannu ta jawo kwano. Ta ce a gaya wa iyaye maza su saurari zuwansu.

Kin ji, Inna? Duk layinmu sun sani. Matan nan da kike tsoron bakinsu sun riƙe miki maganar har kika koma, ba wadda ta taɓa goranta mana ko a faɗan yara a bakin famfo. Ba na ganin laifinki. Kin zo garin mutane kina 'yar mitsitsiya, ba ki jin ko "zo" da Hausa, ni ban san abin da kunnenki ya ji a lokacin ba. Kin rufe mu da abin da kike da shi. Sai dai ina jin ciwon shekarun da kika yi kina cin tuwon gidanku ke kaɗai a bayan ƙofa, muna tsakar gida muna yi wa miyarki dariya.

Mun ci, har Yaya Sani da na sa aka kira shi. Ya shigo yana cin magani, ya ga zamanta da ƙafar nan a miƙe, sai ya cire hula ya durƙusa. Da aka kwashe kwanuka Mama Rifkatu ta ciro 'yar wayarta daga bakin zani ta ce in kira mata ɗan wanku a gida. Ta yi maganar da yarenku, ta kuma maimaita da Hausa don mu ji. Ta ce tun rasuwarki in ta koma cewa take yi "na kai", don ba ta iya ƙarya. Ran nan kuwa ta ɗaga murya ta ce, "Sun ci. A gabana suka ci. Ku ɗora tukunya."

An sa ranar Ummi bayan ƙaramar Sallah. Kafin nan za mu je garinku, ni da Yaya Sani da yara, Goggo Asabe ma ta ce ko a ɗauke sai an je da ita. Ranar kai amarya kuma, wurin da ya kamata ki zauna, ƙanwarki ce za ta zauna.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya gafarta miki, Ya sa Aljanna ce makomarki ke da Baba. Allah Ya saka wa Hajiya Babba da mijinta da suka riƙe amana. Allah Ya ba Mama Rifkatu lafiya da tsawon kwana, Ya hutar da gwiwarta, don daga bana mu za mu riƙa zuwa karɓar rabonki da kanmu. In na yi laifi da na buɗe abin da kika rufe, ki yafe min kamar yadda kika saba.

Wassalam.

Taki har kullum,
Hajara, mai kuka in an yi mata kitso.