Lambar da Na'urata Ta Nuna a Rumfar Baba Mai Ganga

Litinin, 3 ga Maris

Wata goma sha ɗaya ina fama da na'urar nan, yau dai ta yi abin kirki. Girmanta bai wuce wayar hannu ba. A zuba ɗigon man dizal ɗin da ake yi da man girki a 'yar kwalba, a ƙara ruwa, a girgiza, a ɗiga ruwan a kan tsinken gwaji. Sinadarin da na shafa wa tsinken ya ci gilisarin, wato maiƙon da ya rage a man, lamba ta fito. In ta wuce ashirin, man zai toshe inji. Sau goma na gwada, sau goma daidai. Oga ya leƙo ya ce, "Ba laifi." Ba laifi! Wata goma sha ɗaya.

Alhamis, 6 ga Maris

Oga ya ce in fita da ita waje, wai na'urar da ba ta sha ƙura ba abin wasan yara ce. Ƙungiyar direbobin bas na sayen mai wurin wani tsoho, Baba Mai Ganga, shugabansu kuma yana so a duba musu.

Asabar, 8 ga Maris

Tir. Ban taɓa shiga wuri mai ƙazanta irin rumfar mutumin nan ba. Jarkokin tsohon man suya da yake kwasowa daga gidajen abinci, baƙi ƙirin, da guntayen ƙonannen abu suna yawo a sama. Ƙasa tana kama takalmi. Ƙudaje kamar an gayyace su. Da tsohuwar singileti yake tace man, wallahi singileti.

Murafen kwalabena sun faɗa cikin kwatarsa, ni kuwa ko za a yanka ni ba zan sa hannu a wurin ba. Safar hannu ta jiƙe da gumi tana zamewa, na cire. Na toshe bakin kwalba da babban yatsa na girgiza.

Casa'in da huɗu. Na sake, tamanin da takwas. Shugaban direbobi yana tsaye a kaina.

Tsohon ya ce, "'Yata, sau uku nake wanke man nan da ruwa. Shekara tara ba motar da ta tsaya."

Na ce, "Baba, na'ura ba ta san shekara tara ba." Har da ɗan murmushina.

Shugaban ya ce daga Litinin sun daina ɗauka. Na dawo gida na yi wanka sau biyu.

Talata, 11 ga Maris

An ce bas goma sha bakwai ke shan mansa. Ba shi da wasu masu saye. To ni na ce ya yi ƙazanta?

Laraba, 12 ga Maris

Baba ya zo har ofis, da wankakkiyar riga da kwalbar mai a leda. Mai gadi ya hana shi shiga, na fito. Ya miƙo da hannu biyu, wai in daure in sake dubawa, ko na'urar ta gaji ne ranar. Na karɓa da 'yan yatsu biyu na ajiye a ƙarƙashin tebur. Mutum ya tsufa bai iya karɓar gaskiya ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Don dai in cire abin daga raina na gwada kwalbar tasa a ɗakin gwaji. Tara. Na canja tsinke. Sha ɗaya. Na kai man wurin babban injin da ke ɗakin sama, wanda ba ya ƙarya. Goma.

Wayo ne. Ya zaɓo mai kyau ya kawo, wanda yake sayarwa daban. Na san irinsu.

Lahadi, 16 ga Maris

Na je gidan Yaya. Tun da sinadarai suka farfasa min hannu take haɗa min man shafawa, kullum da safe sai na mulka shi. Yau na same ta tana haɗawa. Ta ɗauko wata farar kwalba ta tuttula kusan rabi a kwano.

Na ce, "Yaya, mene ne wannan?"

Ta ce, "Gilisarin mana. Ke da kike boko ba ki san shi ba? Shi ke sa hannun naki laushi."

Na zauna a bakin gadonta. Tana ta zuba labarin maƙwabciyarta, ban ji ko ɗaya ba. A ɗakin gwaji ba a taɓa komai sai da safa, kwalba kuma da murfinta. A rumfar Baba, yatsana ne murfin.

Litinin, 17 ga Maris

Na gwada da ruwa zalla, ba ko ɗigon mai. Na shafa man Yaya, na toshe da yatsa, na girgiza. Tamanin da ɗaya.

Gwano ba ya jin warin jikinsa. Ni da na shiga ina toshe hanci, ni na kai masa dattin. Na kalli yatsan nan na ji ƙyamarsa kamar ba nawa ba.

Talata, 18 ga Maris

Na gaya wa Oga. Ya rufe ƙofa tukuna. Ya ce baje kolin na'urori saura sati biyu, in maganar ta fita wa zai yarda da abin da yatsa ɗaya ke ruɗawa? "Ki gyara murfin, ki yi shiru. Tsohon zai samu wasu."

Ya faɗi haka yana ɓare ayaba. Abin da ya fi ba ni haushi, sai da na ji sanyi a raina da ya faɗa. Allah wadaran hali irin nawa. Ya kamata in je wurin Baba.

Laraba, 19 ga Maris

Ban je ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Ban je ba. Na zana murfi mai igiya wanda ba zai faɗi ba. Kyakkyawan murfi. Sai me?

Asabar, 22 ga Maris

Na je tasha na samu shugaban direbobi, na ce ya biyo ni rumfar. Ya zo da mutum huɗu. Gangunan Baba cike, ba inda za su. Na sa safa, na gwada a gabansu: sha ɗaya. Na cire, na sa yatsa: casa'in. Na faɗi komai, har man Yaya.

Wani direba ya yi dariya har da riƙe ciki. Shugaban bai yi ba. Ya ce, "Malama, ranar kin ce na'ura ba ta san shekara tara ba. Yau wanne za mu ɗauka?" Ya ce bas tara sun riga sun ƙulla da wani, ba zai iya kwance musu ba. Takwas za su dawo.

Na jira Baba ya zage ni, da na ji sauƙi. Ya ce kawai, "Da kin tambaye ni murfi, 'yata. Ina da su cike da gwangwani."

Litinin, 24 ga Maris

Labari ya kai wa Oga. Wani ne zai riƙe na'urar a baje kolin, ni in zauna in ci gaba da shafa tsinke. Ya ce na yi wa kaina. Na ce to.

Asabar, 29 ga Maris

Na koma rumfar, don ina bukatar samfurin mai na gwajin sabon murfi, ba don komai ba. Ya rage ganga biyu daga aiki, bas tara ɗin ba su dawo ba. Mai keken da ke kawo masa tsohon mai ya sauke jarkoki a bakin titi ya tafi, tsohon yana jan su ɗaya ɗaya yana hutawa. Shida ne. Na ɗauki uku. Ɗaya ta yi min yoyo tun daga kafaɗata har ƙasa.

Rigar ta tashi aiki. Dama ba wani sonta nake yi ba. Ya ce Laraba ake kawo na gidan abincin bakin kasuwa, sun fi nauyi. Laraba ba ni da aiki da rana.