Katangar da Na Fasa a Bakin Kududdufi

Gidan Dare, Sakkwato
Lahadi, 25 ga Agusta

Zuwa ga Yayana Jalaluddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah ya tsare ku a zaman Fatakwal, ya sa albarka a aikinka, ya raya mana zuri'a bisa tafarkin addini. Mu nan muna lafiya, alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yin salla a tsaye. Ƙanwarmu Balkisu da yaranta lafiya lau, matata Khaula ma haka. Geron gonarmu ta ƙauye ya fitar da kai, kuma masu zuwa daga can sun ce bana ba a magana, sai dai fatan Allah ya sa a gama lafiya.

Yaya, yau kwana tara ke nan ina kiran wayarka ba ka ɗauka. Ban ga laifinka ba. Na san Zayyanu, da ka damƙa wa kula da gininka, ya riga ya gaya maka abin da na yi, kuma bai yi mini ƙarya ba. Ni na fasa katangar filinka, da hannuna, da rana, jama'a suna kallo. Ban rubuto don in musanta ba. So nake ka ji yadda aka yi daga bakina, daga nan duk hukuncin da ka yanke zan karɓa.

Ka bar gida tun kafin a gyara kududdufin bayan gidanmu, don haka na san har yanzu kallon tsohon ramin nan mai wari kake yi masa. Shekara biyar da suka wuce hukuma ta zo ta yashe shi, ta ƙara masa zurfi, ta karkato lambatun layuka da yawa zuwa cikinsa. Aikinsa yanzu shi ne ya riƙe ruwan sama in ya sauko da ƙarfi, sannan ya riƙa sakinsa kaɗan kaɗan. Ta kudu akwai ƙofar ƙarfe da ake murɗawa, da raga a gabanta mai tare shara. Ruwan da ya fita ta nan yana bin kwalbatin da ya ratsa gangaren unguwa, inda gidan Balkisu yake. Kwalbatin ba shi da faɗi, shi ya sa injiniyan da ya yi aikin ya ja mini kunne har sau biyu cewa kada in kuskura in buɗe ƙofar fiye da rabi in ana ruwa. Ta gabas kuwa da gangan suka bar bakin wajen ya fi sauran yin ƙasa, suka shafe shi da siminti, don in kududdufin ya cika ruwan ya zuba ta nan, ya bi tsohuwar hanyarsa zuwa fadama inda babu gida ko ɗaya. Wannan hanyar ta bi ta gefen filinka.

Da yake shagon waldata yana kusa, mutanen unguwa suka ba ni makullin ƙofar. Kowace safiya a damina, kafin in buɗe shago, sai na je da manjagara na kwashe leda da robobi daga jikin ragar, na zuba baƙin mai a wurin murɗawa don kada ya cije. Da rani muna yin gayya mu kwashe yashi da taɓon da suka taru. A jikin ginshiƙin ƙofar akwai jan layi da aka shata da fenti, wanda in ruwa ya kai shi, to an shiga haɗari.

Lokacin da Zayyanu ya fara kewaye filinka bayan ƙaramar salla, na ga ya ja igiyarsa ta ratsa daidai bakin nan na gabas. Na yi masa magana. Ya fito da takarda ya nuna mini cewa iyakar gadon ta kai nan, ya ƙara da cewa shekara biyar ruwa bai taɓa kaiwa wurin ba. Wannan ma gaskiya ne. Na kira ka, in za ka tuna, kana cikin mota, na ce maka akwai 'yar magana game da katanga, ka ce mu daidaita da Zayyanu. A nan na fara yi maka laifi. Kamata ya yi in faɗa maka ƙarara cewa katangar za ta toshe wa ruwa mafita. Amma na ji nauyinka. Na san shekara nawa ka yi kana burin ka gina inda za ka dawo ka zauna kusa da Inna, kuma na ji tsoron a ce ƙaninka ne ke yi maka baƙin ciki. Sai na ja bakina na yi shiru, ina ta addu'ar damina ta zo da sauƙi.

Ba ta zo da sauƙi ba. An yi ruwa ran Laraba, aka sake yi ran Alhamis, har kududdufin ya wuce rabi bai samu ya sauka ba. Ran Juma'a muna fitowa daga masallaci muka ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Ban ko tsaya cin abinci ba na wuce wurin ƙofar. Kafin la'asar ruwa ya ɓarke, irin wanda ba ka ganin mutumin da ke gabanka. Lambatun nan duka suna ta kwararowa da ƙara kamar motoci, ɗauke da shara iri iri. Wata tsohuwar katifa ta zo ta manne wa ragar, ruwa ya daina fita ko kaɗan. Mu uku muka yi ta fama da ita da ƙugiya da igiya kafin muka fizgo ta. Ko da na ɗaga kai na dubi ginshiƙin, jan layin ya nutse.

Na zaga da gudu na duba gabas. Ruwa ya hau simintin kamar yadda aka tsara, amma ya iske katangarka a gabansa, ya tsaya yana dukanta yana komawa baya. Da ya rasa hanya sai ya fara malala ta yamma, wajen layinmu. Gidan Malam Lawwali ya fara shiga, daga nan namu. Khaula ta kira ni tana kuka, ta ce ruwa ya cika zaure ya shigo tsakar gida, sun ɗora Inna bisa gado sun tara kayan abinci kusa da ita.

Ko da na koma wurin ƙofar na iske mutane sun fi ashirin, Malam Lawwali a gaba. Ka san shi, dattijon da tun muna yara ba mu taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ranar sai da ya cakumi wuyan rigata. Ya ce bangon ɗakin matarsa ya fara tsagewa, in buɗe ƙofar gaba ɗaya ko in ba shi makullin. Na ce masa in na buɗe, kwalbatin ba zai iya ɗauka ba, ruwan zai afka wa gangare, kuma can gidajen ƙasa sun fi arba'in, mazan da yawa ba su dawo daga kasuwa ba, mata da yara ne kawai a ciki. Wani daga baya ya ce ai gidan ƙanwata nake karewa. Wani kuma ya ce ba ƙanwata ba ce, katangar yayana ce, tun da kowa yana ganin abin da ya hana ruwa tafiya. Yaya, wannan maganar ta shige ni. Ina cikin haka na hango wani ya ɗauko ƙaton dutse ya nufi kwaɗon ƙofar.

Na roƙe su da girman Allah su ba ni minti goma. Na kira ka sau uku, wayar ba ta shiga ba. Sai na ruga shago na ɗauko babbar gudumata. Na iske Zayyanu tsaye a jikin katangar da lema, ya jiƙe sharkaf. Ya ce amana ka ba shi, duk wanda ya taɓa bulo ɗaya sai sun je gaban hukuma. Na ce masa ya zama shaida, ni kaɗai ne, kada ya ambaci sunan kowa. Na yi bisimilla na fara duka. Ruwa ya kai mini cinya, kuma kowane bugu ji nake kamar kai nake yi wa. A bugu na bakwai ko na takwas bulo uku suka fita, sauran kuwa ruwa ne ya ƙarasa. Katangar ta kwanta lokaci ɗaya, ruwan ya ɗebe ƙafafuna ya tafi da ni. Ban san sama ba, ban san ƙasa ba. Zayyanu ne ya jefar da lemarsa ya faɗo ciki ya riƙo ni ta ƙugu, ya maƙale da ginshiƙin ƙofar filinka har mutane suka zo suka ciro mu. Ina so ka san wannan game da shi, don na tabbata bai gaya maka ba. Rodi ya yanke ni a ƙwauri, an yi ɗinki shida, yana warkewa.

Kafin magariba jan layin ya fito fili. A gangare ruwa ya cika kwalbatin har baki, amma bai shiga gida ko ɗaya ba. Ɗaki ɗaya ya faɗi a gidan Malam Lawwali, Allah ya kiyaye an riga an fitar da matarsa. Mu kuma kwana biyu muka yi muna kwashe taɓo. Babu wanda ya rasa ransa. Amma ba zan ɓoye maka ɓarnar da aka yi maka ba. Katangar gefen kududdufi ta tafi gaba ɗaya. Ruwa ya rarake ƙarƙashin harsashin ɗakuna biyu, magini ya ce sai an tone an sake. Yashin da aka jibge babu shi, simintin da ke cikin rumfa ya daskare. Na tsaya a wurin washegari na kasa haɗa ido da kowa.

Ran Talata ma'aikatan hukuma suka zo suka duba, suka kafa turaku, suka ce dole a bar wa ruwa hanyarsa, wato kamar taku huɗu daga gefen filin. Zayyanu ya ce shi ba ya karɓar umarni sai daga gare ka, kuma ya kira magina su mayar da katangar inda take ranar Asabar mai zuwa. Mutanen layinmu sun ce ba za su zuba ido a sake ba. Ina tsoron abin da zai faru ranar, ga shi damina da sauranta, hadari kullum yana haɗuwa. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa ta kashe wutar nan. Ina roƙonka ka ce masa ya ja igiyarsa bayan turakun. Filin da ya rage zai ɗauki gidan da ka zana, na auna da kaina, bishiyar darbejiyar nan kawai za a rasa. Ƙofofi da tagogin gidan kuwa ni zan ƙera su, kuma duk ranar da za a zuba harsashi ina cikin masu kwaɓa.

Yaya, ba zan yi maka daɗin baki ba. Da za a maimaita ranar nan, zan sake ɗaukar gudumar. Abin da nake neman gafararka a kansa shi ne shirun da na yi tun farko, lokacin da magana ɗaya za ta hana duk wannan. Inna ta ƙi cewa komai a kan wa ke da gaskiya. Na tambaye ta, ta ce ita ɗiyanta maza biyu ta sani, ba ta san katanga ba. Sai dai abincinta ya ragu sosai, kuma tun ranar ta ɗaure wayarta a bakin zane, ko alwala za ta yi da ita take zuwa, da ta yi ƙara sai ta miƙo a duba mata ko kai ne. In ranka bai yi sanyin da za ka yi mini magana ba, na fahimta, zan jira. Amma don Allah ka kira ta.

Ka gaishe mini da Anti Shamsiyya da kyau, da Abdulrazak da Sadiyatu, Allah ya ba su sa'ar karatu. Inna tana sa muku albarka. Balkisu da maigidanta suna gaisuwa, Khaula ma tana gaishe ku. Malam Lawwali ya zo har shago ya nemi afuwata, kuma ya ce lallai in isar maka da gaisuwarsa. Allah ya haɗa kanmu, ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Ƙaninka,
Maigandi