Hadi, Ba Gangancinka Ba Ne

Zuwa ga ƙanena Abdulhadi, a Zariya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da duk mutanen gida. Ya hannun?

Na san ba za ka so ganin wannan wasiƙa a fili ba. Amma duk sanda na kira na ɗauko maganar shari'a, sai ka ce layi ba kyau, ka miƙa wa Hajiya wayar. To ga ta nan inda kowa zai gani, har da ƙannenmu ɗalibai masu neman aikin hutu a ɗakunan ajiyar kaya, irin wanda kai ma ka yi.

Ina tsakiyar duba marasa lafiya aka kira ni daga Birmingham, inda kake aikin hutu, aka ce injin matse kwali ya kama hannunka na dama. Ni likita ce, Hadi, na ga raunuka iri-iri, amma da aka kwance bandejin sai da na dafa bango. Yatsu biyu sun tafi, sauran ba sa lanƙwasuwa. Hannun da ka zo da shi jami'a a Salford don koyon zanen gine-gine ke nan. Abin da ka fara ce mini shi ne, "Yaya, kada ki gaya wa Hajiya tukuna."

Ka tuna ranar da muka je wurin lauya? Matar ta yi mana bayani a hankali. Ta ce a da, in kamfani ya karya ƙa'idar tsaro ma'aikaci ya ji rauni, magana ta ƙare, sai diyya. Yanzu majalisa ta canja dokar, wai don a sauƙaƙa wa masu kasuwanci. Kai da aka raunata, kai za ka nemo hujjar cewa sun yi sakaci. Ƙofar kariyar injin a buɗe take, an ɗaure ta da waya don aiki ya yi sauri, kowa a wurin ya sani. Amma kafin masu bincike su zo an kwance wayar, kamfanin kuma ya ce kai ka zura hannu da ganganci.

A cikin bas, muna kan Wilmslow Road, ka daɗe kana kallon taga. Can ka ce, "Wataƙila dai ni ne na yi garaje." Wallahi wannan maganar ta fi yatsun yi mini ciwo.

Daga nan ka daina fitowa daga ɗaki. Yarana su ƙwanƙwasa, suna kiran Uncle Hadi da Turancinsu na Manchester, ka ƙi buɗewa. Rannan na dawo daga aiki na tarar ka haɗa kayanka, za ka koma Zariya. Ka ce ka bar wa Allah.

Ni ma ga Allah na dogara. Amma ba Shi ya ɗaure ƙofar nan da waya ba, mutum ne, kuma yana da suna da ofis.

Bayan tafiyarka, duk ranar da ba ni da aiki sai in hau mota zuwa Birmingham, in tsaya a bakin ƙofar kamfanin lokacin tashin ma'aikata, ina neman mai ba da shaida. Wasu su kauce mini, wasu su sunkuyar da kai. Delroy, dattijon nan da ka ce yana raba maka shayinsa, ya tsaya ya saurare ni har na gama. Ya ce yana da jikoki a hannunsa, in ya buɗe baki ba za a sake kiransa aiki ba. Ban ga laifinsa ba. Na ba shi lambata na juyo, ina kuka a tashar mota kamar yarinya.

Makon jiya ya kira ni. Injin nan ya sake kama wata ma'aikaciya, an sake ɗaure ƙofar ashe. Delroy ya ce shi da kansa ya sha kai ƙorafin wayar nan wurin manaja tun kafin a ɗauke ka aiki, kuma zai faɗi haka a gaban alƙali, ko da a bakin aikinsa ne. Ya ce, "Gaya wa yaron nan ba laifinsa ba ne."

To na gaya maka.

An sa ranar zaman kotu bayan Sallah. Ba sai ka zo ba, lauya ta ce za a ji shaidarka ta bidiyo daga nan gida. Dokar ta ce kawo hujja, a zatonsu baƙo mai bizar karatu zai gaji ya koma garinsu. Ka koma, gaskiya ne. Amma ni ina nan, kuma ban gaji ba. Ko mu ci ko mu faɗi, sai sun zauna sun ji daga bakinka.

Ƙanena, ni na goya ka kana jariri, na san taurin kanka. Hajiya ta ce mini kana koyon riƙe fensir da hagu a ɓoye. Na ji daɗi, ba zan ƙara cewa komai a kai ba. Abu ɗaya nake roƙo: dattijo ya sa abincin jikokinsa cikin haɗari saboda kai, kada ka bar shi ya tsaya shi kaɗai.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya ƙarfafa zuciyarka, Ya ba wannan baiwar Allah da injin ya kama sauƙi, Ya tsare Delroy da iyalinsa. Amin.

Zan kira ranar Juma'a bayan an sauko. Ka ɗauka da kanka.

Yayarka,
Bilkisu
Rusholme, Manchester