Kada a Sallami Kaporal Lawali Saboda Gwiwarsa

Zuwa ga Mai girma Kolonel, shugaban sashen horon jiki da lafiyar sojoji, Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Mon Kolonel, bayan gaisuwa irin wadda ƙaramin soja ke yi wa babbansa, ina yi maka barka da aiki. Ina tambayar lafiyarka da ta iyali, da ta ƴaƴan mutane da aka damƙa a hannunka. Ina kuma yi maka jajen wannan shekara da ruwa ya ɗauke mana tun hatsi bai yi ido ba. Allah Ya kawo sauƙi.

Sunana Haruna Mati, tsohon sarjan, ina zaune a Maijirgi ta ƙasar Tasawa. Ba ka san ni ba, don ina jin lokacin da na aje kaki kai ba ka ma sa naka ba. Na yi lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa tun zamanin Nasara, na shiga soja ina saurayi, kuma aikin da na fi daɗewa a kansa shi ne monitar, wato mai horar da jikin soja: gudu, tsalle, hawan igiya, da lallaɓa wanda ya ji ciwo har ya koma layi. Yau sanda ce ke kai ni masallaci. Matata ta rasu, ƴaƴana mata suna gidajen aurensu can nesa. Ɗa namiji ɗaya gare ni, Kaporal Lawali, kuma a kansa nake wannan rubutu. An sanar da shi cewa a ƙarshen watan gobe zai tsaya gaban kwamitin likitoci, su duba ko za a sallame shi daga soja saboda gwiwarsa ta dama. Abin da nake nema shi ne kada a sallame shi.

Na rubuta a fili ne don ba ni kaɗai ke da ɗa a bariki ba. Ba zan faɗi sunan barikinsa ba, ko na wani shugabansa, don ba na neman a hukunta kowa. Lawali bai san da wannan wasiƙa ba. Da ya sani da ya hana ni. Na san a zamanin mulkin soja mutane kan taka a hankali wajen magana da masu galo a kafaɗa, wato manyan soja. In akwai laifi a cikin abin da na faɗa, nawa ne, kuma ba wuyar samu gare ni, kullum ina ƙofar gida.

Na farko, yadda gwiwar ta lalace.

A bazarar da ta wuce aka fitar da su gudu da jaka a baya da bindiga a hannu, bayan hantsi, rana ta riga ta yi zafi. Wanda ya ja gudun ba monitar ba ne. Wani ajudan ne, mai muƙami sama da sarjan, da aka ba usur saboda muryarsa ta fi ta kowa kauri, kamar yadda aka saba. Ba a ɗumama jiki ba, ba a je an dubi hanyar ba. A cikin wani fako Lawali ya jefa ƙafa a rami, jiki ya juya gwiwa ba ta juya ba, ya ji wani abu ya yi ƙara a ciki. Ya tashi ya ƙarasa gudun, bai gaya wa kowa ba.

Mon Kolonel, ka san dalilin shirunsa kamar yadda na sani. A bariki, wanda ya ce ƙafarsa na ciwo bayan gudu ya samu sunan da zai bi shi har ya bar aiki. Abokansa za su riƙa ce masa: “Amarya, a kawo miki ruwan zafi?” In kuma ya yi ɗingishi a layi, maganin da ake ba shi shi ne ƙarin zagayen fili. Mu ma da irin wannan tarbiyya muke aiko muku da yaranmu daga gida, inda namiji ba ya cewa wayyo. Sai da gwiwar ta kumbura har wando ya ƙi wucewa sannan ya je wurin amfirme, ma'aikacin jinya na bariki. Amfirme ya yi aikinsa, ya ba shi ƙwayoyin rage zafi da ɗan hutu. Hutu na ƙarewa aka mai da shi gudu ɗaya da masu lafiya, da jaka ɗaya. Ya sha ƙwaya ya yi gudu, ya sake sha ya sake gudu, har ranar da ƙafar ta ƙi ɗaukarsa.

Ba na ganin laifin amfirme, ba na ganin na likita. Aikinsu ya ƙare a ƙofar ɗakin magani. Tsakanin wannan ƙofa da filin gudu ya kamata a samu wani mutum, wanda zai ce wannan ya yi tafiya tukuna, wancan ya yi gudu ba jaka, wanga kuwa ya ƙarfafa cinya kafin a ɗora wa gwiwa nauyi. A barikin Lawali babu wannan mutumin.

Na biyu, abin da ya faru da aka ba shi izinin zuwa gida.

Bai zo wurina ba. Kunyar in gan shi yana ɗingishi ta sa ya zarce Korgom, gidan kawunsa, ƙanen marigayiya mahaifiyarsa. Kawun mutumin kirki ne, kuma ya yi abin da kowa a ƙasarmu zai yi: ya kira maɗori. Maɗorin ya iya karaya, na ga ƙafafun da ya ɗora sun miƙe sarai. Amma a nan ƙashi bai karye ba, jijiya ce ta ji ciwo. Ya jera karare ya ɗaure ƙafar tun daga cinya har ƙwauri, ya ce kada a kwance, kada a lanƙwasa. Haka Lawali ya kwanta mafi yawan hutunsa.

A kasuwa na ji labari, daga bakin wata mai nono da ke kai kaya Korgom. Ta ce da ni: “Baba Sarjan, ashe sojanka na can an ɗaure shi kamar damin kara, kai kana nan kana cinikin goro?” Washegari na hau babur ɗin kabu-kabu zuwa Korgom, abin da na daɗe ban yi ba saboda bayana. Da na sa aka kwance ƙafar, na tarar gwiwa ta sandare, cinya ta zube har ta kusa zama kamar tawa.

Na kawo shi Maijirgi, muka yi aiki a ɗan abin da ya rage na hutun. Ya zauna bakin dakali yana sakin ƙafar a hankali. Ya kwanta a tabarma yana ɗaga ta da ƙullin yashi a idon sawu. Daga baya ya riƙa tafiya cikin rairayin bayan gari da sanyin safiya. Kafin ya koma, yana iya durƙusawa ya yi sujada a ƙasa, shi da ya zo yana salla a zaune. Na faɗi wannan ne don a san gwiwar tana amsawa. Abin da ban iya ba shi ne riƙe ƙafar in danna inda ake dannawa, don hannuna rawa yake yi, ƙarfin kuma ya tafi. Da ya koma bariki babu wanda ya ɗora daga inda muka tsaya. An zaunar da shi gadin ma'ajiya, yana jiran kwamiti.

Na uku, dalilin da ya sa babu monitar.

A nan zan yi maganar kaina. A babban farin da aka yi ina cikin ƙarfina, soja suka karɓi mulki, aka dakatar da wasanni aka zuba mu cikin manyan motoci rabon abinci. Ni ƙasar Mayahi aka kai ni. A Atantane na ga mata sun zo da ƙwarya suna tsintar ƙwayar dawa a ƙarƙashin mota, na ga makiyaya da suka shigo da sanda kawai, shanu sun ƙare a hanya. Ba a taɓa bukatar ƙarfin soja kamar a lokacin ba, kuma a lokacin ne bayan samarinmu ya riƙa tsinkewa wajen sauke buhuna. Da kaina na tara su a inuwar mota, na nuna musu yadda ake tsugunawa a ɗauki buhu da cinya ba da ƙugu ba, na raba su kashi biyu suna karɓar juna, na tsaya kan kowa ya sha ruwa ko bai ji ƙishi ba. Waɗanda suka ji ciwo na riƙa gasa musu baya ina motsa su har suka koma aiki. Abincin ya isa ƙauyuka. Wannan shi ne aikin da na fi alfahari da shi a rayuwata.

Amma da aka zo ƙarin girma, ba a lissafa shi ba. Waɗanda muka shiga tare suka zama ajudan, wasu suka wuce nan. Ni na tsaya sarjan har na fita, don a takarda monitar ba sana'a ba ce, ɗawainiya ce da ake ɗora wa mutum bayan aikinsa. “Mushen wasa” suke kirana, wato malamin wasa, har ƙananan da na koya wa gudu. Ban zo neman galo a wannan shekaru ba, kuma ba na bin kowa komai. Ina faɗa ne don ka gane abin da ya sa matashi mai hankali ke gudun wannan aiki: ya ga inda ya kai waɗanda suka yi shi. Na ji ana cewa yanzu akwai masu takardar wannan fanni a manyan barikoki. Madalla. Amma gwiwa ba ta zaɓen bariki kafin ta gurɗe.

Shi Lawali bai guje shi ba. Ya gama kwaleji, yana karatu da rubutu sosai, kuma tun yana ƙarami yake bina fili. Ya nemi a tura shi istaj, wato kwas, na monitar tun kafin ya ji ciwo. Amsar da ya samu daga wani babbansa ita ce soja mai lafiya kamarsa ba a ɓata shi a wasa. Yanzu da ba shi da lafiya kuma ana shirin cewa ba shi da amfani.

Na huɗu, abin da nake roƙo.

Ina roƙon a ɗage tsayuwarsa gaban kwamiti, a kai shi inda akwai mai gyaran gaɓoɓi ya yi aiki a kan gwiwar na ƴan watanni, sannan likitoci su yanke abin da suka gani. In bayan haka suka ce ba ta gyaruwa, zan yi shiru.

In ta gyaru amma ba ta kai ta gudun daji da kaya ba, a tura shi istaj ɗin da ya nema. Mutumin da ya ɓoye ciwo ya ga abin da ɓoyon ya jawo masa zai gane mai ɓoyewa tun daga takunsa.

Bayan shi, ina roƙon a mai da monitar sana'a mai tsani, wadda mutum zai hau ya samu galo kamar makanike ko mai sadarwa, kuma a kai ko da ɗaya kowane bariki komai ƙanƙantarsa. A ba shi ikon cewa wane ba zai yi gudu yau ba, maganarsa ta zauna ko da mai usur ya fi shi girma. A kuma daina sa mai ɗingishi zagayen fili. Ana shirin sake fitar da soja rabon abinci a wannan shekara, buhunan kuwa ba su rage nauyi ba.

Mon Kolonel, bari in gaya maka abin da maƙwabtana ke cewa. Malam Nomau, wanda muke salla sahu ɗaya, ya ce mini in bar rubuce-rubucen nan in gode wa Allah. Ya ce in an sallami yaron ai gida zai dawo, in samu mai ɗebo mini ruwa, mai tashina in na faɗi, mai rufe mini ido. Ban yi masa musu ba, don gaskiya ya faɗa. Kwanakin da Lawali ya yi a nan su ne kaɗai tun rasuwar uwarsa da na ci abinci da wani a kwano ɗaya, kuma da ya tafi na daɗe ban iya shiga ɗakin da ya kwana ba. In aka sallame shi, ni ne zan ci riba.

Ba na son wannan ribar. Gonarmu ba ta ba da damin da zai kai mu sanyi ba. Lawali mutum ne da bai wuce shekara talatin ba, da mace da ɗa ƙarami, kuma abin da ya iya shi ne aikin soja. In ya dawo, zai zauna kusa da ni a dakali yana tsufa tare da ni, da gwiwar da na san tana gyaruwa. Na ga tsofaffin sojoji da yawa da aka maido haka, na san yadda suke ƙarewa. Gara in ci gaba da jan gugana rabi-rabi, in mutu maƙwabta su tarar da ni, da in samu ɗana ta wannan hanya. Ku riƙe shi, ku gyara shi, ku sa shi aiki. In na ji shiru zan sake rubutawa, in kuma ranar ta matso ban ji komai ba zan sa a ɗora ni a mota in zo ƙofar ofishinka in zauna.

Allah Ya ja zamaninka, Ya ba ka ikon yin adalci ga na ƙasa da kai, Ya tsare sojojinmu a duk inda suke, Ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sarjan Haruna Mati, tsohon monitar,
Maijirgi, Tasawa.