A Turo Hadiza Gida Kafin Hanya Ta Rufe

Limancin Kona, Zariya
19 ga Agusta, 1990

Zuwa ga ƙanena Kabir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da Hadiza kuna lafiya a Khafji can Saudiyya, Allah Ya ƙara tsare ku, Ya sauke ta lafiya. Mu nan lafiya lau, damina ta yi kyau, ƙafar Iya ma ta yi sauƙi. Sai dai tun da Iraƙi ta mamaye Kuwait, rediyo bai bar gefen tabarmarta ba.

Malam Idi da ya dawo daga can ya isar da saƙonka, wai mu kwantar da hankali, domin bara Iraƙi da Saudiyya sun sa hannu cewa babu mai kai wa wani hari. Kabir, shekaruna a aikin jarida sun koya mini karanta irin wannan takarda. Alƙawari ne kan abin da ba za a yi maka yau ba. A 1939 Jamus da Tarayyar Sobiyet sun ƙulla irinta, nan da nan aka raba Poland da ke tsakaninsu, kuma ba a cika shekara biyu ba Jamus ta juya kan wadda ta yi wa alƙawarin. Ban ce haka za a yi ba, ban sani ba. Abin da na sani, ƙaramar maƙwabciyar ta riga ta faɗi, kuma garinku yana bakin iyakarta.

Cikin Hadiza ya shiga wata bakwai. Na tambaya, an ce in ya ƙara tsufa jirgi ba zai ɗauke ta ba. Ka ce asibitin can ya fi namu, na yarda. Amma asibitin ma yana bakin iyakar.

Na yi wa Iya wannan bayani. Washegari ta sa aka loda itacen wankan jego a amalanke, da kanwa da kayan yaji, aka bi ta tsakiyar unguwa har gidan Hajiya Barira, mahaifiyar Hadiza, a Ƙofar Gayan. Ta ce ita ba ta san takardar ƙasashe ba, ta dai san haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Yanzu dangi duka sun san Hadiza tana tafe, har an share ɗaki. Ka iya musu da ni kan tarihi, amma ban ga yadda za ka bar itacen Iya a ƙofar surukanka ruwa yana dukansa ba.

Iya da iyalina, Mairo da Nana, suna gaishe ku, haka ma Hajiya Barira. Ka aiko da ranar da jirginta zai sauka Kano, ni zan je tarbarta.

Naka yayanka,
Aƙilu